Gida biyu maganin gobara, in ji ƙanena

A ƙasar Faransa, kusan gida ɗaya cikin kowane goma gidan hutu ne. Mai shi yana da inda yake kwana yake tashi a garin da yake aiki, wannan kuwa sai an samu hutu ake zuwa a buɗe, a kakkaɓe ƙura, a yi kwana goma ko ashirin, a sake garƙamewa. Irin waɗannan gidaje sun haura miliyan 3 da rabi a ƙasar, da yawansu a bakin teku, wasu cikin duwatsu, wasu a ƙauyukan da kakannin masu su suka fito. Mu da muka yi karatu da Faransanci mun sha cin karo da su a littattafan makaranta: yara sun shiga mota da iyayensu, an nufi gidan hutu, an yi kamun kifi, an dawo. An yi mana shifta a kan labarin, mu ma mun yi wa ɗalibanmu. Bana sai ga maganar ta fito daga littafi ta shigo har tsakar gidanmu.

Ƙanena likita ne a birnin Liyon, shekararsa goma sha huɗu ke nan can, da matarsa da ƴaƴa uku. Matar ma tana aiki. Ya ga wani ɗan gida da aka sa a kasuwa kusa da tafkin Annecy, cikin duwatsun Alp, tafiyar da ba ta kai awa biyu a mota ba daga Liyon, ya turo mini takardun gaba ɗaya ta WhatsApp, ya ce, "Yaya, duba mini, kai ne mai lissafi." Ba izinina yake nema ba, kuɗinsa ne da guminsa. Amma tun da Allah Ya yi wa mahaifinmu rasuwa, ba ya yanke babbar magana sai ya shaida mini, ni kuma ba na yi masa kara in ya tambaye ni.

Na san wurin, domin ya taɓa kai ni a watan Satumba na 2019, lokacin da na kai masa ziyara kafin a koma makaranta a nan. Duk wanda ya ga tafkin nan ba zai ce ƙanena ya haukace ba. Tsawonsa ya kusa kilomita 15, duwatsu sun kewaye shi, ruwan garau har kana hangen tsakuwar ƙasa daga bakin gaɓa. Dutsen da ya fi tsawo a kansa, wanda suke kira Tournette, mita 2351 ne, wato ya ɗara ƙololuwar Bagzan da muke koya wa yara mita 2022. Kuma tsabtar ruwan aikin mutane ce: tun 1957 garuruwan da ke kewaye suka haɗa kai suka shimfiɗa bututun da ke kwashe ƙazantar gidaje, don kada ta zuba cikin tafkin. Mu ƴan Maraɗi muna da tafkin Madarunfa, muna zuwa mu sayo kifi mu sha iska, amma ban taɓa jin wanda ya ce zai gina gida a can don ya riƙa zuwa yana kallon ruwa ba. Kowace ƙasa da abin da take kira hutu.

To, na zauna da takardun dare biyu, da biro da ƴar na'urar lissafi, kamar mai gyaran jarrabawa.

Gidan ciki da falo ne, murabba'in mita 40, a hawa na ɗaya na wani bene mai gidaje goma sha biyu. Ba a bakin ruwa yake ba, sai ka yi tafiyar minti biyar a ƙasa, amma daga taga ana hango tafkin, kuma wannan hangen shi ne rabin kuɗin. An yi masa farashi yuro 280,000. Tun da yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, kuɗin ya kama kusan sefa miliyan 184. Malami ɗan uwana, kada ka wahalar da kanka wajen raba wannan da albashinka, na riga na raba, ba daɗi. A kan wannan akwai abin da suke kira kuɗin noter, wato jami'in da ke rubuta takardun cinikin gida, wanda mafi yawansa haraji ne da ke shiga aljihun hukuma. A tsohon gida yakan kama kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na farashi. Wajen sefa miliyan 14 ke nan sun tafi tun ba a miƙa maka mabuɗi ba, kuma ko gobe ka sayar da gidan ba za su dawo ba. Mafi yawan kuɗin bashin banki ne na shekara 20. Maganar kuɗin ruwan da ke kan bashin na bar wa malaman addini, shi ma ya san inda suke.

Sayen ma shi ne mai sauƙi. Riƙon gidan ne aiki. Akwai harajin mallaka da kowane mai gida ke biya duk shekara. Akwai kuma harajin zama, wanda aka gama soke shi a 2023 ga gidan da mutum yake zaune a ciki, amma aka bar shi a kan gidajen hutu, har doka ta ba majalisun garuruwan da ke fama da ƙarancin gidaje damar ƙara masa daga kashi 5 zuwa kashi 60 cikin ɗari. Sai kason da kowane mai gida a benen zai bayar na gyaran rufi, da tukunyar ɗumama ɗakuna, da kwashe dusar ƙanƙara daga ƙofa, ko ka zo ko ba ka zo ba. Sai inshora. Sai sanyin hunturu, wanda in aka bar gida babu ɗumi ruwa yakan daskare cikin bututu ya fasa shi, ka dawo bayan wata uku ka tarar ruwa ya sauka har kan maƙwabcin da ke ƙasa. Da na tara abin da takardunsa suka nuna, sai na samu wajen yuro 4,500 a shekara, kusan sefa miliyan 3, ba a taɓa bashin banki ba tukuna. In ya kwana 30 a gidan cikin shekara, kowane kwana ya tashi a kan yuro 150, kusan jika 100 ke nan. Da wannan kuɗin yana iya kama haya a wurin, ya yi kwanakinsa, ya miƙa mabuɗi ya tafi, in bututu ya fashe bayansa ba ruwansa.

Da na faɗa masa haka sai ya ce ai lokacin da ba ya nan zai riƙa ba da gidan haya ga masu yawon buɗe ido ta Airbnb, gidan ya ciyar da kansa. Na ce madalla, amma yaushe masu hayar suke zuwa? Yuli da Agusta, sai hutun makaranta na watan Fabarairu lokacin wasan zamiya a kan ƙanƙara. Yaushe kai da yaranka kuke da hutu? Yuli da Agusta da Fabarairu. Makonnin da gidan zai kawo kuɗi su ne makonnin da ka saye shi dominsu. Ga shi kuma sai ka ɗauki wanda zai karɓi baƙi, ya wanke zannuwan gado, ya cire kasonsa. Hukuma ma ta fara tsuke bakin wannan sana'a: a watan Nuwamba na 2024 an yi dokar da ta ƙara wa magadan gari ikon ƙayyade irin wannan haya, birnin Annecy kuwa tun kafin nan yake ta fafutukar rage yawanta.

Wani abu da ya ba ni dariya cikin karatun da na yi: ko attajirin da gidansa ke daf da ruwa bai mallaki gaɓar ba. Tafkin na hukuma ne, kuma doka ta ce a bar mita 3 da santimita 25 a bakin ruwa don masu wucewa a ƙasa. Ashe su ma suna da burtali, kuma su ma ana rigima a kansa kamar yadda ake yi a nan in manomi ya cinye hanyar dabbobi.

Lissafin kuɗi ke nan, kuma likita yana iya ɗaukarsa in ya ƙi ji. Akwai lissafin da ya fi damuna a matsayina na malami.

Zuwan da na yi a 2019 ya faɗo bayan an koma makaranta a Faransa, baƙi sun watse. Muka bi ta ƙauyukan gabashin tafkin, su Veyrier da Menthon da Talloires, na ga gidaje masu kyau jere, furanni a ƙofa, ciyawa a gyare, amma marufan katako na tagogin duk a rufe da rana tsaka. Na tambayi ƙanena ko rasuwa aka yi. Ya yi dariya ya ce masu su sun koma Paris da Jeneba da Landan, sai baɗi. A Suwizilan da ke maƙwabtaka da su akwai sunan da ake kiran wannan abu, wai gadaje masu sanyi, wato gadon da ba a kwana a kansa sai ƴan makonni a shekara. Abin ya dame su har suka yi ƙuri'ar raba gardama ranar 11 ga Maris 2012, bisa kiran wani mai fafutukar kare muhalli, Franz Weber, aka amince da ƙyar, da kashi 50.6 cikin ɗari, cewa duk garin da gidajen hutu suka wuce kashi 20 cikin ɗari na gidajensa, to a daina gina sababbi. Dokar ta fara aiki a 2016. A ɓangaren Faransa kuma, garin Chamonix da ke gindin dutsen Mont Blanc, inda kusan gida bakwai cikin goma na hutu ne, ya ɗauki irin wannan mataki a 2025.

Me ya sa gari zai ƙi masu kuɗi? Domin gidan da ke rufe ba ya aika yaro makaranta. A Faransa duk shekara hukumar ilimi takan ƙirga yaran kowace makaranta, inda suka ragu a rufe aji, a ɗauke malami. Masu sayen gidan hutu suna da ƙarfin da ɗan gari ba shi da shi, sai farashi ya hau, matasan da suka tashi a ƙauyen su yi aure su kasa samun wurin zama, su koma can nesa da ruwa inda haya take da dama-dama, su tafi da ƴaƴansu. A wannan zuwan na zauna da wata malamar firamare, ƙawar matar ƙanena, wadda ke koyarwa a ɗaya daga cikin ƙauyukan. Kullum sai ta yi tuƙin minti arba'in kafin ta iso aji, don albashinta ba zai kama mata ɗaki a garin da take koyar da ƴaƴansa ba. Ni da na baro yara 84 a ajina, wasu uku-uku a benci wasu a tabarma, na zauna ina sauraron wadda ke fargabar a rufe nata ajin saboda yara sun yi kaɗan. Amma maganar neman ɗaki kam na gane ta tun ba ta ƙarasa ba. Duk wanda aka taɓa turawa ƙauye da takardar kama aiki da katifa a bayan babur ya san ta.

Ba na cewa ƙanena shi kaɗai zai rufe makarantar wani gari da ciki da falonsa. Amma ya kamata ya san layin da zai shiga.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. Ma'aikaci a Faransa hutun mako biyar doka ta ba shi a shekara. Mako biyar ɗin nan su ne dukiyar da ƙanena ba zai iya ƙarawa ba ko nawa yake samu, kuma a kansu ne mu da tafkin za mu yi takara. Wanda ya zuba miliyan 184 a wuri, yana kuma biyan banki duk ƙarshen wata, duk hutun da bai yi a can ba zai ji kamar ya yi asara. Ba mugunta ba ce, halin ɗan Adam ne, wanda ya sayi doki sai ya hau. Wato ranar da ya sa hannu a takardar nan, ya yanke inda iyalinsa za su yi hutu har shekara 20. Autansa shekararsa huɗu, ranar da za a gama biyan bashin yana da ashirin da huɗu. Inna kuwa ta haura saba'in.

Da na taɓo nan sai ya kawo mini karin magana, ya ce, "Haba Yaya, ai gida biyu maganin gobara." Na ce masa in dai ƙirga za a yi, wannan na uku ne. Yana da gida a nan Maraɗi, ɗaki huɗu da falo, ya gama shi a 2016, mabuɗin yana hannuna. Rabon da a kwana a cikinsa tun 2022. Ni ke biyan mai gadi da kuɗin da yake turowa, ni ke zuwa bayan kowane ruwan sama in duba inda rufi ya yi yoyo, ni na kira mai feshi da gara ta cinye ƙyauren ɗaki biyu. Ashe tuntuni yana da gidan hutu, gadajensa ma sun fi na Suwizilan sanyi, duk da zafin Maraɗi. Kuma gida na biyun da Hausawa suke nufi, gida ne mai mutane, wanda in wuta ta kore ka cikin dare za ka ƙwanƙwasa a buɗe maka a shimfiɗa maka tabarma.

Iyaye su ne za su fi gane abin da nake tsoro. Babban ɗansa, mai shekara goma sha biyu, yana jin Hausa amma da Faransanci yake mayar da amsa. Autan in an kira Inna ta bidiyo sai dai ya ɗaga mata hannu ya ruga. Amma zuwan da suka yi a 2022, mako huɗu suka yi, kuma na ga abin da mako huɗu ke yi. Ta tsakiyar, wadda ta sauka ba ta iya komai ba sai "sannu", kafin mako na uku ya ƙare na ji ta a ƙofar gida tana faɗa da ƴaƴana a kan wanda zai riƙe canjin ƙosai, da Hausa tiryan-tiryan, har da "wallahi ba ka isa ba". Shekara ashirin ina koyar da Faransanci ga yaran da ba sa jin sa a gida, na san iyakar abin da allo da alli ke iya yi wa harshe. Yaro yana ɗaukar harshe ne inda in bai yi magana ba za a cinye rabonsa. Wannan ba a samun sa ta waya, ba a kuma samun sa a bakin tafki inda iyali biyar ke zaune su kaɗai. Zumunta a ƙafa take, harshe ma haka.

Sai dai in zan yi adalci, shi ma yana da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Tikitin mutum biyar zuwa Yamai ba wasa ba ne, kuma tun 2023 da aka daina samun jirgi kai tsaye daga Paris sai an yi zagaye ta wata ƙasa, sannan a kama hanyar Maraɗi mai kilomita sama da 600 da ƙananan yara. Hutunsu yana faɗowa tsakiyar damina, lokacin sauro, matarsa kuma uwa ce, tana da ikon jin tsoro. Yaran a can aka haife su, duwatsun nan ƙasarsu ce kamar yadda Maraɗi take ƙasar ubansu. Sannan akwai abin da mu ƴan gida ba mu cika son faɗa ba: in ya zo nan ba ya hutawa. Tun an sallame sallar asuba ake sallama a ƙofa, wannan da takardar gwajin jini, wancan da hoton ƙirji, wata da yaro a goye, ga masu zuwa gaisuwa da buƙata a naɗe cikin gaisuwar. Ba ya iya korar kowa, kuma bai kamata ya kora ba. Mutumin da ya shekara yana kwana a asibiti sai ya zo gida ya buɗe wani asibitin a zaure. Na gan shi a 2022 ya koma ya fi yadda ya zo gajiya. In ya ce yana son wurin da ba wanda ya san shi likita ne, inda zai zauna ya kalli ruwa ya yi shiru, ban ga laifinsa ba. Abin da nake ja da shi kawai, shin sai ya mallaki wurin kafin ya yi shirun?

Kafin wani ya ce wannan matsalar masu kuɗin Turai ce, ya zaga sababbin unguwannin Maraɗi ko Damagaram ko Tawa da yamma, ya ƙirga gidajen da aka gama, aka yi musu fenti, aka sa ƙofar ƙarfe, aka rufe. Na ɗan kasuwar da ke Kwatano, na ma'aikacin da ke Yamai, na wanda ke Turai. Mu ba ma kiran su gidan hutu, mukan ce gidan komawa ne in an yi ritaya, ko ajiyar kuɗi ce da ta fi banki aminci, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma a unguwar nan ɗin za ka tarar da malamai ƴan kwantaragi su uku sun haɗa kuɗi sun kama ɗaki ɗaya.

Abin da na rubuta masa abu biyu ne. Na farko, ya jinkirta. Shekara ɗaya ya kama haya a bakin tafkin mako biyu ko uku, shekara ta gaba ya kawo yara gida, mu kuma mu ɗauki alkawarin tsare masa ƙofa, kwana uku a mako ba mai ganinsa sai Inna. In an yi haka sau biyu ko uku yana nan yana son sayen, to ya je ya kwana a ƙauyen cikin Nuwamba, lokacin hazo da ruwa da rufaffun tagogi, in ya fito yana so, ya saya da albarkata. Na biyu, ya ba ni izini in sa malamai biyu da aka turo makarantarmu bana a ɗakunan gaba na gidansa na nan, su biya abin da ya sawwaƙa, su riƙa share tsakar gida.

Na biyun ya amsa tun a daren, har ya ce kada a karɓi ko dala. Sun tare makon jiya, ɗaya ɗan Gaya ne ɗaya ɗan Tanut, kuma mai gadi ya ce tun da ya kama aiki bai taɓa jin ƙamshin girki a gidan ba sai yanzu. Na farkon kuwa ya ce zai yi tunani. Dillali ya ba shi zuwa ƙarshen wata, matata kuma ta ce matarsa ta riga ta turo mata hoton labulen da take so ta sa a tagar da ke kallon ruwa.